"Except" da "except for": inda "ban da" ke yaudarar mu

Ina gyara rubutun ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC, kuma na daɗe ina ja wa kalmar "except" layi da jan biro ba tare da na gane tushen matsalar ba. Sai da na fara sa su faɗin jimlar da Hausa kafin su rubuta ta da Turanci, sannan na gano cewa "ban da" ce ke jawo yawancin kurakuran.

Mukan ce "kowa ya zo ban da Musa", wato an cire Musa. Mukan kuma ce "ban da Hausa, yana jin Larabci", nan kuwa ƙari aka yi, ba a cire komai ba. Turanci ya raba waɗannan ayyuka biyu: "except" ta cirewa ce kawai, "besides" ta ƙari. Wanda ya rubuta "Except Hausa, he speaks Arabic" ya fitar da Hausar daga lissafi, alhali so yake ya ce mutumin yana jin duka biyun. "Besides Hausa" ce daidai. Idan ɗalibi ya rikice, nakan ba shi "apart from", domin ita ce mai fuska biyu kamar tamu.

Batun "for" ya fi ba ni wahalar koyarwa. Abin da ya yi mini aiki shi ne in sa su nemi kalmar da ta game komai a jimlar kafin "except", irin su "all", "every", "everyone", "nobody", "nothing". In tana nan, duk wadda aka ɗauka ta yi: "Everyone came except Musa" ko "except for Musa". In babu ita, sai an sa "for": "I have swept the house except for the kitchen". Haka ma idan da "except" aka buɗe jimla, nakan dage a kan "Except for Musa, everyone came".

Akwai kuma inda ba a sa "for" ɗin, wato gaban kalmomi irin su "on", "in", "when" da "that". Mai shago zai rubuta a ƙofarsa "Open every day except on Fridays", ba "except for on Fridays" ba. Wakilin suna kuwa "me" ko "him" ne ke biyo baya, don haka "except me" za a rubuta, ba "except I" ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda kunne ya saba da shi har ba ma jin sa. "Ba za ka shiga ba sai ka biya" takan fito a takarda a matsayin "You will not enter except you pay". Ana jin wannan kullum a Turancin Nijeriya, kuma tsohon Turanci ya yi amfani da ita haka, amma a rubutun jarrabawa "unless you pay" ake so. Dabarar da na ba su ita ce su duba abin da ya biyo bayan "sai". In sharaɗi ne mai ɗauke da aikatau, kamar "ka biya" ko "ya zo", to "unless" ce. In mutum ko abu ake warewa, kamar "babu wanda ya zo sai Musa", a nan ne "except" take da gurbi.