Yau dai filaiwil ɗin tsohuwar Massey ya fito

Salam ƴan uwa masu koyo irina. To Allah ya yi, filaiwil ɗin nan (babban faifan ƙarfen da ke bayan injin tarakta, inda kulochi ke kamawa) da ya hana ni sakat sati biyu ya fito ɗazu bayan la'asar, yanzu haka yana kwance kan tsohuwar taya a bakin shago, hannuna kuwa har yanzu warin gas yake duk da na wanke da omo sau uku.

Ga wanda bai san inda aka kwana ba, taraktar Massey Ferguson 135 ce da ta daɗe a yashe a gonar kawuna, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, tawa ƴar Ingila ce, injin Perkins mai silinda uku AD3.152. Abu biyu suka sa na shiga wannan rigima, baƙin mai na ɗiga ta ƴar ƙofar nan da ke ƙasan kwanon kulochi, sannan wani lokaci ka murza makulli kik ya yi ta gurrr bai kama ba sai ka ɗan juya injin da hannu.

Ita 135 ba ta da wani shasi kamar mota, injin da giyabos su ne ƙashin bayanta, don haka dole a raba ta gida biyu. Na tare tayoyin baya da duwatsu, jak a ƙarƙashin giyabos, gaban kuma kan jak mai taya. Don Allah kar ku manta ku cusa katako gefe da gefe tsakanin aksil na gaba da jikin injin, domin aksil ɗin kan fin ɗaya yake lilo, kana rabawa injin zai kife gefe guda. Baba bakanike da ke leƙo ni shi ya tuna min, ni wallahi na sha'afa.

Kulochinta mai hawa biyu ne, rabin taki na giya, in ka taka har ƙasa ya yanke fitio, wato sandar bayan tarakta da ke juya kayan aikin gona. Akwai ramuka uku a murfinsa da ake ɗaura ƙananan notuna su danne sifirin kafin a kwance, na bi wannan ya fito salin alin. Amma fa komai na jikinta awon inci ne. Notin da ke cin 9/16, sifana 14 ba ta shiga, 15 kuma sai ta yi ta zamewa, a haka na cinye kan guda ɗaya kafin na haƙura na je kasuwar Ƙofar Ruwa na sayo soket na inci.

Sai babban aikin. Notuna shida ne ke riƙe filaiwil da bayan karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin injin, da washa mai kunne da aka lanƙwasa a jikinsu, sai ka buɗe kunnen tukun. Na sa wa filaiwil da karanshaf alama da fanci, domin makin tayimin, wato alamar saita lokacin tashin injin, a jikin filaiwil yake, ba na so ranar mayarwa in tsaya ina ƴan kame-kame. Na ɗaure wani guntun ƙarfe ya riƙe haƙoran ringiya, wato zoben haƙoran da ke zagaye da filaiwil wanda kik ke kamawa, kar injin ya juya, na zura fayif a hannun soket, suka kwance ɗaya bayan ɗaya da ƙara kamar ana fasa gyaɗa.

Na cire duka shidan, filaiwil ko gezau. Tsatsa ta manne shi. Na zuba kalanzir da gas na bar shi kwana biyu, na dawo na bubbuga da katako, shiru. Nan fa zuciya ta fara raya min in sa ƙarfe ta baya in ɓanɓare shi, har na ɗauko, sai Baba ya shigo ya ce kai yaro, in ya saki a ina zai sauka? Na duba ƙasa, ƙafata ce a wurin, da silifas. Abin nan nauyinsa kamar dutsen niƙa, kuma wai haka yake, ba ya gargaɗi, yana manne yana manne sai kawai ka ji shi a ƙasa.

Dabararsa kuwa ba ta kai komai ba. Ya sa na samo dogayen notuna biyu masu zare iri ɗaya da na wurin, muka yanke kawunansu da zarto, muka ɗaura su a ramuka biyu masu kallon juna. Ya ce buga nan, juya, buga can, da gudumar ƙarfe amma katako a tsakani, kar ka taɓa haƙoran. A zagaye na huɗu muka ji ƙas, ya zamo gaba ya zauna kan ƙarafan nan biyu cak. Mu biyu muka sauke shi.

Abin da na tarar a baya, sil ɗin da ke tare mai a bayan karanshaf irin na igiya ne mai gida biyu, ya bushe ƙamas kamar kilishi, shi ke zubar da man. Ƙaramin boris na tsakiya yana ƙugi in ka juya shi da yatsa. Haƙoran ringiya kuma sun cinye a wuri uku kawai, sauran lafiya lau, ashe injin mai silinda uku kusan a wurare uku yake tsayawa duk sanda aka kashe shi, nan kik ke ta sara shekara da shekaru. Wannan ya burge ni gaskiya, na daɗe ina jujjuya shi ina kallo.

Fuskar da kulochi ke kamawa ta yi shuɗi-shuɗi da ƴan tsage, gobe in Allah ya kai mu zan kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su duba ko za ta sharu. Ringiyar kuma ba noti ke riƙe ta ba, zafafa ta ake ta buɗe a zura ta huce ta kama, Baba ya ce wannan ba zai bar ni in yi ni kaɗai ba, in nemo gawayi ranar Asabar.