Abin da sanya wa Inna AC ya ci mini a Gombe

Azumin 2024 ya kama ne ranar 11 ga Maris, a tsakiyar bazara, kuma duk wanda ya yi shi a Gombe ba zai manta ba. Daga ƙarfe sha ɗaya na safe kwanon ɗaki yake fara huci, fanka tana juyawa amma iskar da take turowa kamar daga bakin murhu. Mu masu ƙarfi a jika mukan fita gindin darbejiya, da dare a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Inna kuwa ta haura saba'in, ga hawan jini, ba ta iya kwana a waje saboda sauro da ciwon gwiwa. Wata rana bayan la'asar na shiga ɗakinta a gidanmu na Pantami, na tarar ta jiƙa zani ta lulluɓa, bayanta duk ƙurajen zafi, tana jan carbi da kyar. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, kuma ba ta taɓa roƙona komai ba. Na ce, "Inna, zafin nan ya yi miki yawa." Ta ce, "Kai dai je ka, lokacinsa ne." Daga ɗakin nan na fito da niyyar sayen AC ko da bashi ne.

Kuɗin da na ware naira 450,000 ne, don na tambayi farashi an ce mini hakan zai isa. Na'urar kaɗai, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, ta ci 430,000, saboda a lokacin dala ta yi tashin gwauron zabi kuma kusan kowane mako farashi yake sauyawa. Na ɗauka saura kuɗin mai haɗawa kawai.

Da farko doki biyu na so saya, a tunanina mafi girma ya fi sanyi. Wani abokina da ya karanci harkar lantarki ya hana ni, kuma har yau ina gode masa. Ɗakin Inna ƙafa 12 ne a kan 14. Ya ce doki ɗaya yana ba da kusan BTU 9,000, wato ma'aunin ƙarfin sanyayawa, ɗaya da rabi 12,000, doki biyu 18,000, kuma ɗaki irin wannan da ba don rana na dukan bangonsa na yamma ba, doki ɗaya ma ya ishe shi. Ya yi mini bayanin da sai da damina ta sauka na gane shi sosai: AC sanyaya iska yake yi, yana kuma tatse danshin da ke cikinta. Idan ya fi ƙarfin ɗaki, nan da nan zai sanyaya ya tsaya kafin ya tatse danshin, sai mutum ya ji sanyi amma jiki na danƙo, tufafi na warin ruma. Ya kuma nace in sayi mai inbata, wanda injinsa ke rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ya mutu ya sake tashi. Ya fi tsada, amma tashin nan na farat ɗaya shi ne yake jan wuta mai yawa, shi ne kuma yake durƙusar da ƙaramin janareta.

Ranar haɗawa aljihuna ya fara gane kurensa. Mai aikin ya duba soket ɗin ɗakin ya girgiza kai, ya ce, "Yallaɓai, wannan wayar ta fitila da fanka ce, za ta narke." Aka ja sabuwar waya mai kauri, wadda ake kira 4mm, tun daga akwatin wuta, da nata makunnin, 48,000. Wutar unguwarmu da daddare takan yi ƙasa har kwan fitila ya yi ja, alhali na'urar tana son abin da ya kai bolt 220, dole sai sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, mai ƙarfin 5,000VA, ita ma naira 95,000. Bututun jan ƙarfen da ya zo a kwali bai kai inda inuwa take ba, aka ƙara mita biyu a kan 24,000. Da an kafa akwatin wajen a bangon yamma ba sai an ƙara ba, amma injin da rana ke gasawa yana shan wahala kafin ya fitar da zafi, wuta kuma ya fi ci. Mai walda ya yi ƙafafu da keji saboda ɓarayin jan ƙarfe, 35,000. Ladan haɗawa 25,000.

A daren farko ɗakin bai yi sanyin da na zata ba. Na tsaya a tsakiya ina jin zafi na sauko mini a ka. Silin ɗin tsohon kwali ne da ya ɓule a kusurwa biyu, tagar kuma mai gilashin luba ce da ba ta rufuwa ruf, ga tazarar yatsu uku a ƙasan ƙofa. Ashe rabin Pantami nake ƙoƙarin sanyayawa. Gyaran silin, sauya taga da labule mai kauri suka lashe 60,000. A ganina wannan ne kuɗin da ya fi kowanne amfani, don ko babu wuta ɗakin yanzu ya fi da sauƙi, kuma da zan koma baya da shi zan fara kafin in je kasuwa.

Inna ta samu kwanakin ƙarshe na azumi cikin sauƙi, alhamdu lillahi. Sai kuma a ƙarshen Afrilu wasu ɓata-gari suka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, yankin arewa maso gabas ya shiga duhu, na'urar da na kashe wa dukiya ta zama adon bango na tsawon makonni. Janaretana mai ƙarfin kilowat biyu da rabi yana ɗaukarta saboda inbata ce, amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kunna shi dare guda ba abin wasa ba ne. Sai na riƙa kunna mata daga ƙarfe biyu zuwa huɗu na rana, da kuma awa biyu bayan isha'i.

Da damina ta kankama wata matsalar ta ɓullo. Zafin bazara a nan busasshe ne, na'urar ba ta fitar da ruwan kirki. Amma daga Yuni zuwa Satumba iska takan yi nauyi da laima, musamman ranar da hadari ya haɗu bai zubar ba. Wata safiya a watan Yuli na ga ruwa ya bi bango ya jiƙa katifar Inna da sallayarta, fenti ya kumbura. Sanyin ma ya ragu, ƙanƙara ta kama siririn bututun da ke waje. Mai haɗawar ya daina ɗaukar wayata. Na nemo wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, ya hau tsani ya nuna mini da idona: tiyon fitar da ruwa an ɗaga shi sama ne a cikin ramin bango maimakon a gangarar da shi, shi ya sa ruwan yake komowa ciki. Ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututu, sai ga ƙwai yana tasowa, gas na zurarewa. Ya tambaye ni, "Ɗana, ka ga ya jona wani ƙaramin famfo ya zuƙe iskar bututun kafin ya saki gas?" Na ce ban gani ba. Ya ce to a nan aka cuce ni, don iska da danshin da suka rage a ciki suna rage sanyi kuma suna cin injin a hankali. Ya sake datse bakin bututun, ya zuƙe iska kusan rabin awa, ya cika gas irin wanda aka rubuta a jikin na'urar, R410A, ya gargaɗe ni kada in yarda kowa ya zuba mata R22 na tsofaffin injuna don ya fi araha. Na biya 40,000, ban ji ciwonsu ba kamar yadda na ji na 25,000 ɗin farko. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaron ya san abin da ya kamata, gaggawar zuwa wani aikin ce ta sa ya tsallake.

Jimla dai naira 757,000, wato 327,000 a kan kuɗin kwali, kuma duk wannan kafin a zo maganar mita. Idan na'urar tana aiki da ƙarfinta takan ci kusan yunit ɗaya a awa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin wutar rukunin A, masu samun awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Lissafa awa takwas kullum na wata guda: yunit 240, naira 54,000 ke nan. Mu ba a rukunin A muke ba, namu ya fi sauƙi, sai dai awanninmu ma sun fi kaɗan. Na lura da mitarmu sosai: idan aka sa rimot a digiri 16 kamar yadda yara suke so, injin ba ya hutawa, ɗakin ma ba ya kai wa can. Da na mayar da shi 26 tare da fanka a hankali, cin yunit ya ragu ƙwarai, Inna kuma ta daina kukan ciwon gaɓoɓi da safe. A damina ina danna maɓallin da ke da hoton ɗigon ruwa, mai busar da iska, ya fi dacewa da ranakun gumi mai danƙo.

Hunturu kuma nasa aikin ƙura ne. Duk mako biyu nakan zare ragar cikin in wanke, ruwan ya fito jawur, kafin bazara kuma dattijon nan yakan zo ya wanke injin waje. Tun Fabrairu nake fara tara kuɗin yunit na Maris da Afrilu, yadda ake tanadin hatsi.

A ƙarƙashin tiyon na ajiye bokiti mai lita goma. A watan Agusta kafin gari ya waye yakan kusa cika, Inna kuma ta hana a zubar, da shi take ba zogalenta da na'a-na'a ruwa.