Yadda Saudiyya ta sake buɗe ƙofar Umara a zamanin korona

A ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara daga ƙasashen waje, bayan 'yan kwanaki kuma ta haɗa da mazauna cikinta. Ni da nake neman abincina a ofishin shirya tafiyar Umara a Kano, na ga abin da wannan ya yi wa mutane. Biza ta fito, an yanki tikiti, fasfuna cike da durowa, amma ba hanya. Hajjin shekarar ma 'yan tsiraru ne daga mazauna ƙasar suka yi shi, alhali a 2019 kusan mutum miliyan 2.5 suka tsaya a Arfa.

Har gobe ina ganin yadda suka buɗe ƙofar ya yi daidai, duk da akwai inda abin ya ci mini rai. Ba su wangale ta rana ɗaya ba. Ranar 4 ga Oktoban 2020 aka fara da mutum 6,000 a rana, 'yan ƙasa da mazauna kaɗai. Bayan mako biyu aka kai 15,000. Sai 1 ga Nuwamba aka karɓi baƙi daga waje, jiragen farko suka sauka a Jidda daga Pakistan da Indonesiya. Baƙon sai ya zo da takardar gwajin da bai wuce awa 72 ba, shekarunsa tsakanin 18 da 50, ya kuma killace kansa kwana uku a masauki kafin ya taka Harami.

A cikin Haramin, kowane rukuni awa uku aka ba shi ya yi ɗawafi da sa'ayi ya fita. An shata layuka a filin ɗawafi, kowa ya bi nasa. An kewaye Ka'aba da shinge, ba taɓawa, ba sumbatar Hajarul Aswad. Zamzam a gora ake miƙo shi. Na ji masu cewa wannan ba Umara ba ce, wai an mayar da ibada layin banki. Ban yarda da su ba. Rukunan Umara duk suna nan. Kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan ta same ku a ciki kada ku fita. Sayyidina Umar ya juyo daga hanyar Sham saboda haka. Mu kanmu mun daɗe da sanin ba a zuwa Makka sai da katin allurar sanƙarau da ta shawara.

Abin da ya canza mana aiki shi ne waya. A lokacin, izinin Umara ta manhajar Eatmarna ake karɓa, shaidar lafiya kuma tana cikin manhajar Tawakkalna. Da hanya ta buɗe wa masu rigakafi a Agustan 2021, rabin yinina a kan wayoyin dattawa yake ƙarewa. Wata hajiya ta miƙo mini ƙaramar wayarta mai tocila ta ce, "Ɗana, sa mini abin nan da ake cewa." Na ce, "Hajiya, wannan ba za ta ɗauka ba, sai babbar waya." Jikanta ya kawo tasa muka saka, na nuna mata koren allon da za ta nuna wa askar a bakin ƙofa, ta maimaita har ya zauna mata. Wadda ba ta da jika mai irin wannan wayar fa? Tsari mai kyau ne, amma wanda ya zana shi bai tuna da tsohuwar ƙauye ba.

Sai maganar allura. Sharaɗin rigakafi ya zo ne lokacin da Najeriya ba ta daɗe da karɓar kason farko na AstraZeneca ba, a Maris ɗin 2021, kusan miliyan huɗu ga al'umma sama da miliyan 200. Duk da haka na ga mutanen da suka rantse ba mai tsira musu wannan allura sun bi layi da ƙafarsu, don kawai su ga Ka'aba.

A Oktoban 2021 aka ɓamɓare alamun tazara daga daɓen Harami, sahu ya haɗu kafaɗa da kafaɗa. Ba a jima ba nau'in Omicron ya ɓulla, a Disamba aka dakatar da jirage daga Najeriya, aka kuma mayar da tazarar. Mayar da tazara na fahimce shi. Dakatar da jiragenmu kuwa bai kwanta mini ba, domin a lokacin cutar ta riga ta bazu a Turai, amma ƙasashen Afirka aka fi rufe wa ƙofa.

Inda ya fi yi mini ciwo shi ne ƙa'idar shekaru. A Hajjin 2022 an amince a karɓi mutum miliyan ɗaya, Najeriya ta samu kujeru 43,008 maimakon 95,000 da ta saba, kuma wanda ya haura 65 ba ya ciki. Kawuna ya biya kuɗin ajiyarsa tun kafin annoba, da kuɗin shanun da ya sayar. Shekaru biyun da aka rufe su ne suka tsallakar da shi ƙa'idar. Ya yi allura har da ta ƙari, lafiyarsa lau, yana noma gonarsa da kansa. Da na je gaya masa, sai ya ce, "To, Allah bai kira ba tukuna." Na san korona ta fi kisa a cikin tsofaffi, hujjar ba ta banza ba ce. Amma a wurinmu talaka sai ya tsufa yake haɗa kuɗin kujera, don haka ƙa'idar ta faɗa ne kan waɗanda suka fi daɗewa suna jira. Da an bar dattijon da ya yi rigakafi, likita ya duba shi ya sa hannu, da ya fi adalci.

A 2023 aka cire ƙa'idar, kujerunmu suka koma 95,000. Sai dai kujerar da take wajen naira miliyan 1.5 a 2019 ta doshi miliyan uku. Sai da 'ya'yansa da mu 'ya'yan 'yan'uwa muka yi karo-karo kafin kuɗin Kawu ya cika ya tafi.