Abin da ƙirgar kifi a Mai Wurno ta koya mini

Duk wanda ya taɓa ƙirga ire-iren halittu ya san yadda abin ke tafiya. Da farko duk abin da ka gani sabo ne, can gaba sai ka wuni ba ka ƙara ko ɗaya ba. In ka zana jimillar a takarda, layin zai tashi da sauri, sannan ya fara kwantawa. Tambayar ita ce: ina zai tsaya? A kanta na yi aikin digirina, kafin yaƙin Sudan na 2023 ya tarwatsa karatu, ina rubuta abin da masuntanmu na Mai Wurno ke fitarwa daga kogin Nilul Azraƙ, kusa da madatsar Sinnar. Karfasa, tarwaɗa, ƙurungu, giwan ruwa, jefi-jefi minjirya.

Ɗora lissafi a kan layin ba wuya. Akwai wanda Michaelis da Menten suka fitar a 1913 don nazarin sinadaran jiki, Clench kuma ya are shi a 1979 don ƙirgar malam-buɗe-littafi. Kwamfuta za ta ba ka dacewar kashi 99 cikin ɗari, ranka ya yi fari. To, wannan lambar ba ta da wani nauyi. Jimillar yau ta ƙunshi ta jiya gaba ɗaya, ba ta kuma taɓa raguwa, don haka kusan kowane layi mai tashi ya kwanta zai dace da ita. Ka gwada lissafi biyu a kan bayanai ɗaya, duk su dace, amma ɗaya ya ce an kusa gamawa, ɗaya ya ce ai layin ba shi da ƙarshe.

Mutane kan cakuɗa jerin kwanakin sau da yawa su ɗauki matsakaici. Yana gyara karkacewar layin, ban musa ba. Sai dai ɗigogin suna nan manne da juna, shi ya sa ban yarda da kowace iyakar kuskure (wato tazarar da ake sa ran adadin gaskiya na cikinta) da aka ciro daga irin wannan ɗorin ba.

Babban darasin kuwa wajen wani dattijon masunci na samo shi. Ya ga ina ƙirga karfasa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ɗana, waɗannan ai tare suka shiga koma, garke ɗaya ne." Na ce, "Baba, kowanne ai kifi ne." Ya yi dariya ya ci gaba da ɗinkinsa. Maganarsa ita ce wani masani, Hurlbert, ya yi wa dogon rubutu a 1984: maimaicin bogi. Kifi ɗari daga jefa ɗaya kamar shaidu ɗari ne da suka ji labari a bakin mutum guda. Abin ƙirgawa shi ne kamun jirgi ɗaya a rana ɗaya, kuma jiragen da suka yi su a gurbi ɗaya ma sai an haɗe su. Wajen auna kuskure, kamun ake sake zaɓa dungurungum, ba kifi ɗaiɗai ba. Iyakar za ta buɗe har ta ba ka haushi, amma ita ce ta gaskiya.

Daga ƙarshe na fi jingina da hanyar Anne Chao ta 1987, wadda ba ruwanta da siffar layi. A ce ka ga iri 30, shida a kamu ɗaya tak suka bayyana, uku a kamu biyu. Shida sau shida, a raba da uku sau biyu, ka sami kusan shida da ba ka gani ba: 36 ke nan, kuma mafi ƙaranci ne, ba jimilla ba.

Ko wannan ma adadin abin da koma ke iya kamawa ne a wannan lokacin. Ruwan Agusta mai laka daban yake da na bazara, gaiwa kuma tana kwance cikin taɓo inda koma ba ta kai. Dole sai da na raba bayanan damina da na rani, kowanne da nasa layin.