Layi huɗu da batir: inda na kai da Ableton Move

'Yan'uwa masu koyon haɗa kiɗa, da yawanku kun tambaye ni ko Ableton Move, ƙaramar na'urar nan ta haɗa kiɗa, ta cancanci kuɗinta. Ga abin da hannuna ya gano zuwa yanzu.

Kamfanin Ableton na birnin Balin a Jamus ne ya fitar da Move a watan Oktoba na 2024, a kan dala 449. Ba ta buƙatar kwamfuta kafin ta yi aiki. Tana da madannai 32 na roba masu jin ƙarfin bugu, da jeren maɓallai 16 na tsara bugu ɗaya bayan ɗaya, da abubuwan murɗawa takwas na gyaran sauti. A cikinta akwai makirfo da lasifika da ma'adana mai gigabayit 64, sannan batirinta na iya kai awa huɗu. Nauyinta bai cika kilo ɗaya ba. Allonta kuwa ɗan mitsitsi ne, inci 1.3, sunan sauti da lamba kawai yake nuna maka.

Kafin in saya na daɗe ina auna ta da wasu biyu. MPC One+ ta kamfanin Akai, wadda ta fito a 2023, ta fi ta komai a takarda: allon taɓawa mai inci 7, layuka masu yawa, ga damar jera waƙa daga farko har ƙarshe. Amma ba ta da batir, in aka ɗauke wuta ta tsaya ke nan. EP-133 K.O. II ta Teenage Engineering ta fi araha, a kan dala 299 ta fito, kuma da ƙananan batura huɗu take aiki, sai dai ma'adanar da ta fito da ita megabayit 64 ce kacal. Batirin Move ne ya raba min gardama. Da fawabank mai ƙarfi a gefe, ba ruwana da tayar da janareta don kawai wani kiɗa ya faɗo min a rai.

Abin da kowa ke kuka da shi a Move shi ne layi huɗu kacal gare ta, wato gurabe huɗu na ɗora kayan kiɗa. Wanda ya saba da FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, inda ake jibga sauti kan sauti har ka manta me ka sa a ina, zai ga kamar an ɗaure masa hannu. Ni ma haka na ji da farko. Yanzu rabona ya zauna: layi ɗaya ganguna, ɗaya bes (sautin nan mai kauri na ƙasa), ɗaya fiyano, na huɗu kuma in bar wa sarewa ko duk sautin da zai ja waƙar. Da na ji kiɗan ya yi rami, babu layi na biyar da zan cusa wani abu in rufe, dole in koma in gyara bes ɗin ko in rage bugun da ya yi yawa. A nan na fi ƙaruwa, kuma tun da na fara wannan sana'a ban taɓa sauraron bes da kyau kamar yanzu ba.

Kuma ƙuncin bai kai yadda ake faɗa ba. Layin ganguna shi kaɗai yana ɗaukar sauti 16, kuma ba dole su zama ganguna ba, kana iya zuba tafi da guɗa da guntun murya a ciki. Sannan na'urar tana iya naɗar abin da ita kanta take kaɗawa, ka mayar da layi biyu sauti guda, ka ɗora shi a madanni ɗaya, ka samu fili.

Inda na fi daɗewa shi ne kalangu. Na roƙi wani makaɗi a unguwarmu ya buga min, na naɗa da makirfon jikin na'urar. Akwai tsarin da in ka zaɓi sauti ɗaya a madannan hagu, madannai 16 na dama za su ba ka shi a murya daban-daban, daga ƙasa zuwa sama. Na ɗauki bugu guda na baza shi haka, na yi ta dannawa. Muryoyin sun fita daidai, amma ba kalangu ba ne. Makaɗi yana buga gula ne yana matse tsarkiya a hammata, fatar ta ɗaure ta saki, muryar ta zame daga wannan zuwa waccan ba tare da ta yanke ba. Wannan zamewar ita ke sa kalangu ya yi magana. Madannai kuwa hawa-hawa suke tafiya kamar matakalar bene, kowace murya ta tsaya a inda aka ajiye ta.

Abin da ya yi min aiki shi ne naɗar jimla sukutum. Na ce ya buga gajerun jimloli, kowace da matsewarta da sakinta, na ajiye kowace a madanninta. Sai na daidaita saurin kiɗana da nasa, ban tilasta nasa ya bi nawa ba. Ku lura da ɗakin da za ku naɗa, domin makirfon yana kwasar komai, har ƙarar fanka da babur ɗin da ya wuce a layi. In da hali ku shiga ɗaki mai labule da katifa.

Maɓallan nan 16 na tsara bugu sun dace da kiɗan da ke tafiya huɗu-huɗu. Yawancin kiɗan gangunanmu kuwa uku-uku yake rausaya, don haka na fi buga shi da yatsu. A nan maɓallin Capture ya zama abokina. Na'urar tana sauraron abin da kake dannawa ko ba ka ce ta naɗa ba, in ka ji wani abu ya yi daɗi sai ka danna shi, ta dawo maka da shi. Wanda hannunsa ke rawa da zarar ya ga jar fitilar naɗi zai gode wa wanda ya ƙirƙiro wannan. Haka in ka zaɓi ma'aunin murya biyar, wanda waƙoƙinmu da dama ke kai, madannan ba za su ba ka muryar da ta fita daga ciki ba, sai ka mai da hankali kan salon bugu.

Sai inda ta gaza, kuma gara ku sani kafin ku zuba kuɗi. Kowane layi guntayen kiɗa takwas yake ɗauka, kana kunna su kana sauyawa da hannu. Babu shimfiɗar da za ka jera amshi da baiti da amshi ka gan su a gabanka. Ƙofar shigar sauti irin ta abin sauraro ce, milimita 3.5, ba za ka jona babban makirfon situdiyo kai tsaye ba, balle wanda ke buƙatar a ba shi wuta. Ma'ana ɗaukar muryar mawaƙi da gyaranta da haɗa komai, duk a kwamfuta za a ƙarasa. An ƙera ta ne ta miƙa aiki ga manhajar Ableton Live ta waifai, kuma tana zuwa da ƙaramin nau'in manhajar. Mai FL Studio ba zai buɗe aikin yadda yake ba, sai dai ya fitar da sauti ya kai can. Lasifikarta ma ta jin abin da kake yi ce kawai, kada ka auna bes da ita, nemi abin sauraro mai kyau.

Saboda haka wanda ba shi da kwamfuta ko kaɗan, kuma yana son ya kammala wa mawaƙi waƙa, ni dai ban ba shi shawarar ya fara da ita ba. Kuɗin ya fi amfani a laftof da ƙaramin fiyano. Wanda yake da kwamfuta amma ayyukansa sun taru rabi-rabi, shi zai ci moriyarta.

Aikin da ke gabana yanzu gurmi ne. Ina so in ga ko dabarar jimla sukutum za ta yi masa, ko kuwa shi zai yarda a baza shi murya-murya tunda tsinkar tsarkiya ake yi. Wanda ya riga ya gwada da kukuma ko garaya, don Allah ya gaya mana nisan da ya ajiye makirfo.