Asabar ɗin sayen injin wanki

Tun asuba ake ruwa, bai ɗauke ba sai wajen ƙarfe tara. Kayan makarantar yara da aka wanke tun ranar Alhamis suna nan rataye a jikin ƙofofi da bayan kujeru, har sun fara warin danshi. Mu tara ne a gidan nan: ni da Abbansu, yara biyar, Hajiya, sai ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Bayero. Kowane yaro yana da kayan boko, yana da na Islamiyya, ga kayan gida, ga zannuwan gado, ga na auta da ba a raba shi da jiƙa katifa. Ina fita aiki ƙarfe bakwai na safe, ba na dawowa sai bayan azahar. Asabar da ya kamata in huta ko in je zumunci, a bakin baho take ƙarewa. Shi ya sa tun ranar da na shiga adashin wurin aikinmu na ƙudurta cewa in kwasata ta zo, injin wanki zan saya. Ta zo ƙarshen watan jiya, Abbansu ya yi alkawarin cika abin da ya rage.

Kafin mu nufi kasuwa ya ce mu fara biyawa wurin mai gyaran firji da injin wanki da ke bakin titin unguwarmu, tunda duk injin da ya lalace hannunsa yake komawa, kuma ba shi da hajar da zai tallata mana. Wannan shawara ita ce ta fi komai amfani a yinin yau.

Mun same shi ya kifa wani inji yana kwance masa bel. Muka gaisa, Abbansu ya faɗa masa abin da ke tafe da mu. Bai ambaci sunan kowane kamfani ba, sai ya juyo gare ni ya ce, "Hajiya, awa nawa kuke samun wuta? Tana zuwa da ƙarfi ko rabi-rabi? Ruwanku na famfo ne, ko tanki, ko 'yan garuwa?" Na ce masa muna da rijiyar burtsatse da tanki a sama, wuta kuma an fi kawo ta da dare, wani lokaci ta zo ba ƙarfi, kwan fitila ya yi ja. Ya ce to daga nan za mu fara lissafi.

Ya zagaya da mu cikin shagon yana nuna mana iri uku. Na farko mai baho biyu, ɗaya na wanki ɗaya na matsa. Kai za ka zuba masa ruwa da bokiti, ka murɗa taima, in ya gama ka kwashe kayan ka mayar ɗaya ɓangaren. Ba shi da fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa inji, ba ruwansa da ƙarfin famfo, in an ɗauke wuta ya tsaya, in an dawo da ita ka sake murɗa taima ya ci gaba. Abin da ke lalacewa a jikinsa bai wuce bel da kafasita da taima ba, kuma duk ana samunsu a Sabon Gari da araha. Na biyu mai buɗewa ta sama wanda ke yin komai da kansa: ya ja ruwa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse. Na uku mai ƙofar gilashi a gaba, wanda na daɗe ina sha'awa tun da na gan shi a gidan wata ƙawata a Abuja.

A kan na ukun ya fi daɗewa. Ya ce ya fi sauran fitar da datti, ya fi tausaya wa tufafi, ya fi matse kaya, kuma ruwan da yake sha bai fi rabin na mai buɗewa ta sama ba. Amma yana da hita a ciki mai dumama ruwa, ita kaɗai tana jan wat wajen 2,000, janareton gida da ke ɗauke da firji da fankoki ba zai ji daɗinta ba. Wankinsa yana daɗewa, wani tsarin ya haura awa biyu. Sannan ya ɗauko wani fanel da ya ƙone ya miƙo mini, ya ce wuta ce ta dawo da ƙarfi ta cinye shi, mai injin yana jiran a kawo sabo daga Legas tun kafin Sallah. Na riƙe abin a hannuna, bai fi faɗin littafin rubutu ba, amma shi ya tsayar da inji sukutum.

Ya yi mana bayanin ruwa da ban taɓa ji ba. Injin da ke jan ruwa da kansa yana buƙatar ruwan ya zo da ƙarfi kafin bawul ɗinsa ya yi aiki daidai. Ƙarfin ruwan tanki kuwa daga tsawon da aka ɗora shi yake zuwa: kowace mita 10 ta tsawo tana ba da abin da suke kira "bar" ɗaya, ma'aunin ƙarfin ruwa ke nan. Tankinmu bai fi mita 4 daga ƙasa ba, wato bai kai rabin "bar" ɗaya ba. Ya ce irin wannan sai inji ya daɗe yana tsiyayar ruwa, wani ma ya gaji ya tsaya yana ƙara. Maganinsa ƙaramin famfon tura ruwa da ake ɗaurawa a kan bututun, ba shi da tsada sosai. Na rubuta a wayata.

Na tambaye shi batun na hannu, 'yan Kwatano, saboda maƙwabciyarmu ta ce sun fi ƙarko. Ya ce akwai masu kyau a ciki, amma ba ka san shekara nawa aka yi ana aiki da shi a Turai ba, ba garanti, kuma in wani abu ya mutu sai an yi sa'ar samun irinsa da aka farfasa. Ya ce mai gida tara ba ya caca da abin da zai yi aiki kusan kullum.

Daga nan muka hau a-daidaita-sahu zuwa Sabon Gari. Titin France Road ya cika da taɓo da hayaniya, ga kwalaye jibge har bakin hanya: LG, Samsung, Hisense, Midea, Scanfrost, Thermocool, da wasu sunayen da ban taɓa ji ba. Farashi ya girgiza ni. Tun da aka saki naira a 2023 duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, kuma kowane mai shago da dala yake kafa hujja. Mun leƙa shaguna da dama, abin da na lura shi ne mai ƙofar gaba yakan ninka mai baho biyu sau biyu ko fiye, mai buɗewa ta sama kuma yana tsakiya.

A nan muka sami saɓani da Abbansu, a tsaye gaban wani shago. Shi mai baho biyu yake so, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce: ba fanel, ba famfon ƙari, ƙaramin janareto ma zai ja shi, ga sauran canji. Na ce masa, "Abbansu, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma wa zai tsaya a kansa? Wa zai zuba ruwa, ya zubar, ya sake zubawa, ya kwashe jiƙaƙƙun kaya ya mayar wancan ɓangaren? Ni ce. Kuma wutar nan ƙarfe goma sha ɗaya na dare ake kawo ta." Abin da nake nema shi ne in zuba kaya in danna, in je in duba aikin gida na yara ko in kwanta, da asuba in shanya. Mai baho biyu yana ɗauke ciwon hannu da na baya, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da a ce da ruwan 'yan garuwa muke rayuwa shi zan ɗauka ban ko waiwaya ba. Amma ba ya sakin mutum ya tafi. Ya yi shiru, can ya ce, "To mu duba na tsakiyan."

Mai shagon da muka tsaya wurinsa Ibo ne, amma Hausa a bakinsa kamar haifaffen Fagge. Ya fara nuna mana mai kilo 7, na ce ya yi mana kaɗan. Kilon da ake rubutawa nauyin busassun kaya ne, kuma ba a cika inji maƙil, sai an bar wa kaya wurin juyawa. Zanin gado babba da rigunan filo da tawul biyu sun kusa cinye rabin kilo 7 ɗin. Na tsaya a kan mai kilo 10. Ba shi da hita, takardar da ke manne a bayansa ta nuna bai kai wat 500 ba, wato wanki ɗaya ba zai ci rabin yunit a mitarmu ba, kuma janaretonmu zai iya da shi in ta kama. Ko da yake da tsadar fetur tun bayan cire tallafi, ba na fatan in riƙa tayar da janareto saboda wanki.

Abu uku na nace a kansu, duk daga bakin mai gyara na ɗauko. Na ce ya nuna mini a littafin injin cewa in an ɗauke wuta yana tsaka da aiki, zai ci gaba daga inda ya tsaya in ta dawo. Ya buɗe ya nuna. Na ce ya nuna mini murfin ƙasa da ke hana ɓera shiga ya ci wayoyi, ya zaro shi daga cikin kwalin. Sannan garanti. Ya ce, "Hajiya, shekara goma ne, ga shi a rubuce." Abbansu ya karanta da kyau, ashe shekara goman ta motar injin ce kaɗai, sauran jiki har da fanel shekara ɗaya. Ban ga laifin mai shagon ba, abin da aka manna a gaba da manyan baƙaƙe ya faɗa. Amma fanel shi ne abin tsoro a garin nan, don haka a take muka ƙara da sitabilaiza mai jinkirta sakin wuta in an dawo da ita. Abbansu ya kuma kira lambar wurin gyaran kamfanin da ke jikin katin garantin, muna tsaye. Aka ɗauka, aka tabbatar masa suna da ma'aikata a Kano, aka kwatanta masa wurin. Sai a lokacin hankalina ya kwanta.

Inda injin ya gaza ban ɓoye wa kaina ba. Yana shan ruwa. Cikakken wanki da ɗauraya zai haura lita 100, fiye da jarka huɗu ke nan. Yanzu damina ce, rijiya a cike take, amma a watan Afrilu da Mayu sai an yi tattali. Na riga na tsara cewa ruwan ɗauraya na ƙarshe za a riƙa tara shi a baho don wanke tsakar gida da banɗaki.

Aka yi ciniki, ya rage abin da ya rage, aka jona injin a shago muka ga ya juya dama da hagu, ya matse ba tare da jijjiga ba. Ya rubuta rasit da lambar injin, ya buga hatimi a katin garanti. Muka ɗauki mai kurkura, Abbansu ya yi ta jaddada masa kada ya kwantar da shi. Mun iso gida ana kiran la'asar.

Yara suka yi caa a kansa. Hajiya ta fito da carbinta, ta zagaya shi, ta sa albarka, sannan ta ce, "'Yar nan, kayan da yaron nan ya yi wa fitsari fa? Haɗa su za ki yi da hijaban salla a ruwa ɗaya?" Tambayar ta yi mini daɗi, don ni ma ta tsaya mini a rai tun a kasuwa. Na ce, "A'a Hajiya, duk abin da najasa ta taɓa sai an fara ɗauraye shi a bakin famfo kafin ya shiga, kuma kayan salla daban za a riƙa wanke su." Ta ce madalla. Na tara yaran na kafa musu doka: a zazzage aljihu kafin a kawo wanki, ba yashi, ba tsabar kuɗi, ba murfin biro. Ƙanwata kuma ta cire fil daga hijabanta, don mai gyara ya ce fil da allura sun kawo masa injuna da yawa.

Ba mu kunna shi ba yau. Sai mai gyaran famfo ya zo gobe ya ja bututu zuwa ƙarƙashin rumfa, ya ɗaura ƙaramin famfon, a daidaita ƙasan wurin da siminti don kada injin ya riƙa rawa in yana matsa. Bututun zubar da ruwansa a ƙasa yake, dole ya zauna kusa da rariya.

Bayan isha'i muka zauna da Abbansu a kan maganar dattijon da ke zuwa karɓar wanki da guga duk Litinin. Ya fi shekarun babban ɗanmu yana shigowa gidan nan, kuma da wannan sana'ar yake ciyar da iyalinsa. Ban so ya shigo jibi ya tarar da inji ba tare da an yi masa bayani ba. Shaddodin Abbansu da leshina da atamfofi masu tsada ba za su shiga inji ba dama, suna buƙatar hannu da sitaci, shadda kuma sai an kai ta bugu. Gugar kayan makaranta ma tasa ce. Abin da zai ragu a wurinsa zannuwan gado ne da labule. Mun yanke cewa kuɗin watansa zai tsaya yadda yake, kuma Abbansu ne zai faɗa masa da bakinsa in ya zo ranar Litinin.