Sana'ar dashen kiri-kiri a birnin Kano

Ciyawar da manomi yake tsine wa a gona ita nake sayarwa a cikin gari, wato kiri-kiri. Ina da ɗan kamfanin dashen ciyawa da furanni, ni da yarana 'yan kaɗan. Yawancin aikinmu a gidajen Nassarawa da Bompai ne, da sababbin gine-ginen wajen Hotoro, sai makarantu masu son filin ƙwallo.

Taurin kan da ya sa manomi ya tsane ta shi ya sa ta dace da Kano. Yaɗo take yi, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa, ga kuma wata jijiyar da ke bi ta ƙarƙashi. In ƙasar mai laushi ce, saiwar kan nutsa fiye da mita guda. Shi ya sa zafin Afrilu, lokacin da yake haura digiri 40, ba ya kashe ta. Takan yi jawur ta kwanta, ruwan farko na sauka ta farfaɗo. Ciyawar kafet da ake kawowa daga Kudu ta fi ta kyan gani, ban musa ba, amma gidan da babu rijiyar burtsatse ba ya iya riƙe ta.

Dashen kansa ba wani abu ba ne, gyaran ƙasa ne aikin. Magina in sun gama sai su binne ɓaraguzan bulo da busasshen siminti a tsakar gida, su watsa yashi a kai. Dole mu haƙa kamar taƙi guda mu kwashe su, mu tsince ciyawar jiji har da 'yan ƙwayoyinta, don in ka bar ɗaya ka bar goma. Sannan a zuba baƙar ƙasa da kashin shanu wanda ya kwana biyu ya ruɓe. Ɗanye ƙone dashe yake yi, ya kuma zo da irin ciyayi. A baje da manjagara, a ɗan karkatar da filin yadda ruwan Agusta ba zai kwanta ba. Sai a yayyanka kiri-kirin a dasa, tazarar taƙi-taƙi, a danne da ƙafa. In a ƙarshen Yuni ko Yuli aka yi, kafin wata biyu ta rufe ƙasa.

Rigimata da masu gida a kan abu biyu ce. Na farko inuwa. Ciyawar nan tana son rana ta awa shida ko fiye. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, ƙarƙashin darbejiyar nan ba za ta yi ba, a sa tsakuwa." Wani ya yarda, wani ya ce kuɗinsa ne, a dasa. Mu dasa, bayan damina wurin ya koma fako.

Na biyu ban ruwa. Mai gadi ya ɗauki tiyo kullum da yamma ya ɗan yayyafa, saiwa ta saba da samun ruwa a sama ta ƙi nutsawa. Gara a ƙosar da ita da sassafe sau biyu a mako. Da hunturu kuwa, Disamba zuwa Janairu, girmanta tsayawa yake yi, launinta ya dusashe. Nan waya take yawa: "Malam, ciyawarka ta mutu fa." Ba ta mutu ba, Hajiya, sanyi ne, kuma kada a zuba mata yuriya yanzu, asarar taki ce.

Gaskiya ribar ba a dashe take ba, a kulawar wata-wata take. Da damina kowane mako muke yanka, a bar ta kamar santimita uku zuwa huɗu, ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda. Gefen furanni kuma sai an riƙa datse shi da shebur, in ba haka ba ta shige cikinsu. Wanda ba zai iya biyan wannan ba, tun ranar awon fili nake ce masa ya sa intalok.